Eriyar Baba Shekara

Ranar da Munkaila ya fara ganin Amatullahi, tsaye take bisa turmin da aka kife a ƙofar gida, hannunta na dama a sama riƙe da bakin eriyar rediyo, kamar 'yar makarantar lekol da ta san amsa malam ya ƙi kiran ta.

Shi kuwa aiki ne ya kawo shi. Shi ne teknisiyan na Rediyo Hantsi, wata ƙaramar tashar FM mai zaman kanta a Matameye. Kwana uku ke nan yana zagaya ƙauyukan Ɗan Barto a kan moto, wato babur, na'urar awo rataye a wuyansa, yana duba iya inda muryar tashar take kaiwa. A Kwarin Tsamiya allurar na'urar ko motsin kirki ba ta yi ba, don garin a rami yake, tudun yashi ya tare shi ta arewa. Har ya zaro biro zai rubuta "babu", sai ya ji taken tasharsu ras daga wata rumfa: "Rediyo Hantsi, leƙa gidan kowa!"

Ya kashe moto ya bi muryar. Dattawa huɗu ne zaune a tabarma, rediyo rataye a ginshiƙin rumfa, budurwa kuma a kan turmi.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Zauna, samari, ana sanarwa," in ji wanda ya fi su furfura, bai ko juyo ba.

Munkaila ya zauna. Aka karanta sanarwar rasuwa biyu, da ɗaurin aure uku, da cigiyar wata saniya mai ɗan maraƙi. Duk tsawon lokacin nan yarinyar ba ta sauke hannu ba. Da aka gama ta diro daga turmin tana yarfa hannu, nan take rediyon ya koma shuu kamar ana suya.

"Baba, ashe haka kuke kama mu?" in ji Munkaila.

"Ku su wa?"

"Ni ne mai kula da na'urorin tashar."

Dattijon, wanda ake kira Baba Shekara, ya juyo da idanunsa da yana ta rufe, ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe akwai mutum a bayan muryoyin nan! To ga eriyarmu nan, ɗiyata Amatullahi. Shekara biyar ke nan, tun da uwarta ta rasu idona ya dushe. In ta riƙe, Matameye na cikin rumfar nan. In ta saki, sai kukan zuma."

"Mun gwada waya, mun gwada murfin tukunya, mun gwada hannun maƙwabta," in ji Amatullahi, kanta a sunkuye. "Ni kaɗai take so."

"Tana da gaskiya," Munkaila ya ce, kafin ya ankara da abin da ya fito daga bakinsa.

Dattawa suka kwashe da dariya. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, amma ba ta ƙyale shi ba. "Tunda kai ne mai na'ura, ka faɗa wa masu sanarwar nan su rage ja. Kafaɗar eriya tana ciwo."

Kafin ya tafi ya karɓi lambar wayarta, wai don ta riƙa faɗa masa yadda tashar ke kamawa. Allah Ya sani, mu ma mun sani, ba don haka ba ne.

Munkaila ɗan Damagaram ne, shekararsa biyu a Matameye, amma in ka tambayi mutanen gari ba wanda zai nuna maka shi. Masu gabatar da shiri kowa ya san su, har rake ake ba su kyauta ranar kasuwa. Teknisiyan kuwa ba a tuna shi sai tasha ta ɗauke. Ɗakinsa yana gindin dogon ƙarfen tashar, jikin ɗakin na'urar watsa shiri, kuma ƙugin fankar na'urar nan shi ne abokin hirarsa. Shayinsa shi kaɗai yake dafawa, shi kaɗai yake sha, har kofi na uku. Muryoyin mutum goma sha biyu suke bi ta hannunsa su shiga gidaje dubbai, shi kuwa ba gidan da ake jiran sa.

Ita ma Amatullahi kusan haka take. Sa'o'inta duk sun yi aure sun watse, wata Kance, wata Daura. Manema sun zo, amma duk wanda ya zo sai ta kalli turmin nan ta kalli mahaifinta, ta ce a ba ta lokaci, har su gaji su tafi. Rediyon nan shi ne idon Baba Shekara. Da shi yake sanin wanda ya mutu da wanda ya aurar, kuma daga bakinsa duk Kwarin Tsamiya ke jin labari. In ta tafi wa zai riƙe masa?

Rezon waya ba ya shiga kwarin, sai a kan tudu wajen rijiya. Don haka saƙonta sau ɗaya yake zuwa a rana, da hantsi, lokacin ɗiban ruwa.

"Mai awo, ina kwana. Rahoton jiya: tasha ta kama, kafaɗa ta yi tsami."

Ya karanta ya fi sau goma kafin ya amsa. "Eriyata, sannu da aiki. Na faɗa wa mai sanarwa ya rage ja, ya ce mutuwa ce ta ƙi raguwa."

Washegari ta rubuto: "Wa ya ba ka ni har na zama taka? Eriyar Baba ce."

"Aro nake nema."

"Ba a ba da aron ta. Ka ci abinci kuwa? Jiya ka ce biredi da shayi, shekaranjiya ma haka."

Wannan tambayar ce ta gama da shi. Tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya taɓa tambayar sa ko ya ci abinci.

Daga nan moton Munkaila ya san hanyar Kwarin Tsamiya. Duk Lahadi bayan la'asar yana rumfar, ya kawo wa Baba pil, wato batirin rediyo, da goro, a saurari sanarwa tare. In dattawa sun tashi, Baba Shekara ya lallaɓa da sandarsa ya shiga ciki, ya bar su zaune a bakin danga, ita a kan turmin, shi a kan tabarma.

"Ba ka gajiya da hanyar nan? Ga ruwa ya ɓata ta," ta ce masa wata rana.

"Kwana shida nake yi ina magana da fanka. Ranar ta bakwai ce kawai ake amsa mini."

Ta yi wasa da bakin mayafi. "Ni ma in Baba ya yi barcin rana, gidan nan har tsoro yake ba ni. In ji motsin kaza in ce sallama ce."

"To ki zo mu haɗa shirun namu, ko zai zama hira."

"Munkaila, ba zan bar shi cikin gida ba murya ba. Ka san da wannan tun yanzu."

"Na sani. Za mu san dabara."

Ya faɗi haka ne alhali akwai maganar da ya haɗiye, kuma a nan ya yi kuskurensa. Awon da ya kawo shi garin tun farko ba na banza ba ne. Lasisin tashar ya kusa ƙarewa, kuma hukumar da ke ba da izinin watsa shiri ta aiko daga Yamai cewa sai an kai mata taswirar iya inda tashar ke kaiwa kafin a sabunta. Awon Munkaila ya nuna muryar Hantsi tana tsallake kwarin, ta haye iyaka, ta shiga cikin wata tasha ta Najeriya da ke kusa da su a lamba. Ya rubuta gaskiyar abin da ya gani, ya sa hannu. Ya san abin da zai iya biyo baya, amma duk Lahadi in ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga yadda Baba ke gyara zama in an sa take, sai ya ce bari sai mako mai zuwa.

Amsa ta zo ana tsakar yankan gero. Hajiya Najaha, mai tashar, ta kira shi ofis ta miƙa masa takardar.

"Karanta. An sabunta mana, amma da sharaɗi. A rage ƙarfin na'ura, a juya eriyar sama ta fuskanci arewa. Kwana bakwai suka ba mu, in ba haka ba su rufe."

"Hajiya, ƙauyukan kudu fa? Waɗanda ke cikin kwari ba za su ƙara jin mu ba."

"Na sani, ɗana. Shekara tara ina neman takardar nan kafin in same ta. In aka rufe, ba kudu ba arewa, ga mutum goma sha biyu sun rasa aiki. Ka hau ka juya."

Ranar Laraba da safe ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau. Daga can sama ana hango tudun da ya tare Kwarin Tsamiya. Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya kwance ƙusoshi ya juya eriyar da hannunsa. Da ya sauko ya rubuta mata saƙo mai tsawo, ya goge. Ya ce maganar nan ta baki da baki ce, bari sai Lahadi.

A Kwarin Tsamiya kuwa, Amatullahi ta hau turmi ranar Laraba ta riƙe, shuu. Ta canja hannu, ta yi ɗage, ta ɗora turmin a kan bulo, shuu. Suka ce ko wuta aka ɗauke a Matameye. Alhamis ma haka, kuma ranar ruwan sama ya hana ta hawa tudu.

A ranar Alhamis ɗin nan Malam Rabo na Kurni ya rasu. Shi ne aminin Baba Shekara tun suna samari suna kai rake kasuwa a kan jaki ɗaya, kuma sun yi alkawari duk wanda ya riga, ɗayan ne zai tsaya a kansa. 'Ya'yan mamacin suka kai sanarwa tasha, aka karanta har sau uku. Wani ya ce a tura ɗan aike Kwarin Tsamiya, babban ɗan ya ce, "Baba Shekara? Ai shi ke riga kowa ji. Yanzu haka yana hanya." Har aka ɗan jinkirta jana'iza ana duban hanya.

Sai ranar Asabar wani mai kabu-kabu ya tsaya a rumfa ya ce, "Baba, sannu da haƙuri. Mutane na ta tambaya, wai ko ba ku da lafiya ne."

Baba Shekara bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya ce a sauke rediyon daga ginshiƙi, ya shiga ɗaki.

Kafin Munkaila ya iso ranar Lahadi, wani ya riga shi. Suhaibu ne, mai karanta sanarwa, mai muryar nan da Baba ke so kamar me. Tun da ya ga hoton Amatullahi a wayar Munkaila yake neman dalilin zuwa garin, yau ga shi ya samu. Ya zo da shadda mai maiƙo da turare, ya yi ta'aziyya cikin muryar rediyo, sannan ya sassauta.

"Baba, ni kam na karanta har sau uku. Amma me zan yi? Teknisiyan ne ya rubuta rahoton da ya jawo abin, shi ne kuma ya hau da kansa ya juya. Ai tun zuwansa na farko abin da ya kawo shi ke nan."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ciwo.

Da Munkaila ya kashe moto, Baba Shekara ya gane ƙarar. "Tsaya nan inda kake. Kai ka juya?"

"Ni ne, Baba."

"Ka san za a yi haka tun kana zama a tabarmata?"

"Na yi zato, Baba. Na kasa faɗa."

"Da ka faɗa, da na ce wa mutanen Kurni in wani abu ya faru su aiko da ƙafa. An binne Rabo ana duban hanya ta." Muryarsa ta karye, ya dafa sanda ya miƙe. "Ka ɗauke muryar gidan nan, yanzu kuma ɗiyar gidan kake so ka ɗauke? Kada ƙafarka ta sake taka ƙofar gidana."

Amatullahi na tsaye a bayan danga. Ba ta fito ba.

Washegari da hantsi saƙonta ya shigo. "Ban ji haushin juyawar ba, aikinka ne. Haushin shirunka nake ji. Na faɗa maka abin da ya fi komai a wurina, ka saurara, ka ce za mu san dabara, alhali rahoton na aljihunka. Baba ba ya fita rumfa yanzu. Dattawa sun daina zuwa. Kada ka amsa."

Bai amsa ba. Kwana goma sha biyu hantsi na yi wayarsa shiru. Ya dafa shayi ya bar shi ya huce. Ya rame, har Hajiya ta tambaye shi ko zazzaɓi ne.

Shi kuwa Suhaibu ya dage da zuwa. Dabarar da ya kawo ita ce ya riƙa naɗo sanarwar mako a katin waya, a kunna wa Baba. Dattijon ya saurari minti biyu ya ce a kashe. "Samari, jana'izar makon jiya me za ta yi mini? In je in tono su in ce na zo?" Amatullahi kuwa ruwa kawai ta kawo wa Suhaibu ta koma ciki. Da ya ga ba ci, sai ya zo wa Munkaila da wata shawara a ɗakin na'ura, don yana so ya koma garin a matsayin wanda ya dawo da murya.

"Kai ma ka cika tsoro. Rabin awa ne fa. In an zo sanarwa ka murɗa ƙarfin ya hau, in an gama ka mayar. Wa zai sani a Yamai?"

Bayan fitarsa Munkaila ya daɗe tsaye, hannunsa a kan maɓallin. Ya san murɗawa ɗaya za ta iya mayar da dattawa rumfa. Ya kuma san tashar da ke tsallaken iyaka za ta ji a ranar, ta kai ƙara, takardar Hajiya ta tafi. Ɓoye-ɓoye ne ya kai shi inda yake, ba zai ƙara wani a kai ba. Ya janye hannunsa, ya je ya faɗa wa Hajiya shawarar da aka ba shi.

Ya zauna ya sake karanta takardar lasisin tun daga farko, ko akwai wata kafa. Babu. Ƙarfi kaza, tsawo kaza, fuska arewa. Amma da ya kai ƙarshe sai ya lura da abin da takardar ba ta faɗa ba. Duk sharuɗɗan a kan mai magana suke, ba ko ɗaya a kan mai saurare. Muryar tana nan tana wucewa ta saman kwarin, ta yi rauni ne kawai, ta fi ƙarfin hannun yarinya a kan turmi.

Ranar kasuwa ya shiga rumfar 'yan gwangwan ya tsinto sandunan alminiyam na tsohon gadon yara, ya sayi waya mai kauri. Ya auna ya yanka, ya jera su bisa katako kamar ƙayar kifi. Sannan ya rubuta saƙo, na farko tun ranar.

"Kin ce kada in amsa, wannan ba amsa ba ce, sanarwa ce. Na yi laifi da na yi shiru, ba zan sake ba, shi ya sa nake faɗa miki tun kafin in yi. Ranar Lahadi zan hau tsamiyar bayan gidanku in ɗaura eriya. Ba zan taka ƙofar gida ba. Wataƙila ta kama, wataƙila ba za ta kama ba. Zan zuro waya ta cikin danga. In kin ga dama ki karɓa."

Ba ta amsa ba. Ranar Lahadi ya zagaya ta bayan gari ya hau tsamiya, ya ɗaure abin a reshe mafi tsawo, ya zuro bakin wayar ta ramin danga. Ya daɗe a tsugune. Can sai ya ji an ja wayar daga ciki, a hankali.

Ba ta kama ba. Shuu, da ɗan gunaguni can ƙasa kamar ana magana a cikin rijiya.

Washegari da hantsi: "Ta yi gunaguni. Baba ya ɗaga kai."

Lahadi ta biyu ya zo da gora mai tsawo ya ƙara. Iska ta karya gorar tun kafin la'asar, ta yage masa riga, mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya suna dariya, wai soyayya ta mayar da ɗan birni biri. Saƙon washegari gajere ne: "Na ga rigar. Ka rataye ta a danga in ɗinke. Ka ci abinci?"

Munkaila ya karanta, ya kifa kai a jikin na'ura ya yi kuka, shi kaɗai da fanka.

Lahadi ta uku ya samo bututun tsohon famfon gari, maza biyu suka taya shi ɗagawa, aka ɗaure a jikin tsamiya har ya zarce ganye. Ya hau yana juya ƙayar kifin kaɗan-kaɗan tana neman Matameye. A ƙofar gida Amatullahi ta rataye rediyon a ginshiƙin rumfa, ta naɗa wayar a jikin eriya. Don sabo, ta hau turmi ta riƙe bakin.

"Rediyo Hantsi, leƙa gidan kowa!"

Ras, kamar mai maganar na tsaye a rumfar. Baba Shekara ya fito daga ɗaki ba sanda, yana lalube. Ya zauna a tabarma. Maƙwabta suka fara leƙowa, dattawan nan uku suka iso ɗaya bayan ɗaya suna gyaran murya kamar ba su taɓa daina zuwa ba.

Ana cikin sanarwa ta biyu Baba ya ce, "Amatullahi, kina kan turmi?"

"Ina kai, Baba."

"Saki."

"Baba, kada ta ɗauke..."

"Na ce saki."

Ta buɗe yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta janye hannu. Muryar ta ci gaba da karanta cigiyar wani rago, ko gezau. Amatullahi ta tsaya a kan turmin, hannunta a sake, ba ta san inda za ta sa shi ba.

Baba Shekara ya share ido da bakin rawani. Ya matsa gefe, ya daddaɓa tabarma kusa da shi.

"Shekara biyar kina tsaye, ɗiyata. Ban taɓa ce miki sannu ba, don ina tsoron in na ce, ki tuna kin gaji. Sauko ki zauna."

Ta sauko ta zauna. Ranar ce ta fara jin sanarwa a zaune, kuma ba ta ji ko kalma ɗaya ba saboda kuka.

Da aka gama, Baba ya ɗaga murya. "Wanda ke kan tsamiya fa? Ko can zai tare?"

"Baba, kun ce kada in taka ƙofar gida," in ji Munkaila daga sama.

"To ka diro ta danga mana, tunda ka iya hawa! Zagayo, ɗan nema."

Ya zagayo ya durƙusa a bakin tabarma, hannuwansa duk ƙujewa. Baba ya laluba ya kama su, ya shafa.

"Rabo ba zai dawo ba, wannan ciwon da shi zan tafi. Amma na ji an ba ka shawarar sata ka ƙi, Hajiyarku ta aiko an faɗa mini. Kuma Lahadi uku ina jin ka kana faɗowa kana hawa. Abu ɗaya nake so. Duk abin da ka sani, mai daɗi ko mara daɗi, ka faɗa mata tun da wuri."

"Na yi alkawari, Baba."

"To ka turo manyanka."

Kawun Munkaila ya zo daga Damagaram da goro, aka sa rana bayan an gama kai rake kasuwa. Kafin ranar, Munkaila ya ƙera irin eriyar nan guda shida, don duk ƙauyen da ke cikin kwari sai da ya aiko, Hajiya Najaha kuma ta ce a riƙa koya yadda ake haɗa ta a cikin shiri. Sanarwar ɗaurin auren kuwa a hannun Suhaibu ta faɗa. Ya karanta ta sau uku kamar yadda aka saba, kuma a yi masa adalci, muryarsa ba ta yi rawa ba sai a ta ukun.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baba Shekara, ƙarƙashin rumfar. Mutanen Kurni suka zo mota guda, babban ɗan Malam Rabo ne ma ya karɓi waliccin amarya, don Baba ya ce abin da uban zai yi ke nan da yana raye. Ƙanwar Baba da mijinta ya rasu ta dawo gidan da zama, ita za ta riƙa yi masa tuwo. Da za a tafi da amarya, Amatullahi ta durƙusa gabansa ta kasa tashi.

"Tashi ki tafi," ya ce. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai jin magana. Allah Ya sa gidanku kada ya san shiru."

Aka ce amin.

Kwana uku da tarewa, a ɗan gidan da suka kama kusa da tasha, la'asar ta yi. Amatullahi na tsakar gida tana tankaɗe, Munkaila na hura gawayin shayi, kofi biyu a gabansa. Aka sa taken sanarwa a rediyon maƙwabta. Bai ankara ba sai ya ga hannunta na dama ya tashi sama da kansa, gari na zuba daga yatsunta.

Suka kalli juna. Ta fara dariya, idonta ya ciko.

"Eriyata," ya ce a hankali, ya kamo hannun ya sauke. "Yana ji."

A Kwarin Tsamiya kuwa dattawa huɗu na zaune a rumfa, murya na fita ras. Turmin na nan a kife inda yake, Baba Shekara ya hana a ɗauke. Ya jawo tabarmarsa kusa da shi, yana saurare, hannunsa ɗaya a kan turmin.